Na Sallama Motata Da Hannuna Tun Ina Da Sauran Ƙarfi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da tsararrakina, musamman waɗanda neman ilimi ko neman abinci ya kai su ƙasashen waje tun suna samari, har furfura ta riske su a can. Ni mazaunin jihar Mishigan ne a ƙasar Amurka, a wani gari da ke gefen birnin Ditroit, kuma na haura shekara 70 a duniya. A watan da ya gabata na sayar da wata tsohuwar mota wadda na shafe shekara 11 ina gyara ta da hannuna, na kuma ƙara wasu shekaru 18 ina hawanta. Tun daga ranar 'yan'uwa da abokan arziki suke buga mini waya, wasu suna jajanta mini kamar an yi mini rashi, wasu suna tambayar ko wata lalura ce ta same ni. Lafiyata ƙalau gwargwadon shekaruna, kuma ba bashi ya ci ni ba. Na ga ya fi in bayyana dalilina sau ɗaya a fili, domin na san akwai dattawa da yawa da suke riƙe da wani abu irin wannan, suna ta ɗage ranar rabuwa da shi.

Motar ƙirar Pontiac GTO ce ta shekarar 1967, shuɗiya mai ƙofa biyu, ɗaya daga cikin waɗanda Amurkawa suke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji. Asalin abin shi ne a ɗauki injin babbar mota a ɗora a jikin matsakaiciya, a sayar wa matashi a farashin da albashinsa zai iya ɗauka. Injiniyoyin Pontiac, ƙarƙashin John DeLorean, su ne suka buɗe wannan hanya a 1964, a lokacin da uwar kamfanin, wato General Motors, ta ƙayyade girman injin da za a sa wa matsakaitan motocinta. Sai suka ce babban injin ai ƙari ne da mai saye yake zaɓa da kansa, ta haka suka tsallake dokar. An yi zaton za a sayar da guda 5,000, sai aka sayar da sama da 32,000 a shekarar farko, a 1966 kuma adadin ya doshi 97,000. Tawa tana cikin 81,722 da aka ƙera a 1967. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa lita 6.6, ƙarfinsa na doki 335. Wanda ya san Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, mai inji kusan lita biyu, sai ya ƙiyasta ninki uku da ɗoriya a ƙarƙashin bonat guda. Masoyan wannan mota Akuya suke ce mata da harshensu, kuma da wannan suna iyalina suka san ta.

Zamanin motocin ƙwanji bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan matasan da ke tuƙa su, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta aka rage wa injuna zafi, sannan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoba na 1973 ya sa mota mai shan mai ta zama kaya a wuyan mai ita. Lokacin da na sauka Amurka a 1978, cikin ɗaliban da gwamnatin tarayya ta turo koyon sana'o'in fasaha, irin waɗannan motoci sun zama na talakawa da 'yan makaranta, ana barinsu a waje ruwa da ƙanƙara suna dukansu. Kamfanin Pontiac ɗin kansa an rufe shi a 2010.

Ni kuwa son inji tun daga gida na taho da shi. Ina ɗan firamare, idan an tashi makaranta, garejin kawuna nake wucewa a Panteka ta Kaduna, in zauna a bakin tsohon kwano ina wanke filogi da noti a cikin fetur, har hannuna ya yi fari fat. Bayan na gama karatu a nan na samu aiki a wata masana'anta da ke ƙera kayan birki, na yi aure, muka fara tara iyali, ban kuma taɓa tunanin zan mallaki motar da ba ta zuwa aiki ba ce. A 1996 ne wani abokin aikina ya kai ni wata gona a arewacin garin Flint, inda na tarar da ita a bayan rumbu, tayoyinta sun nutse a ƙasa. A wannan jiha gishiri ake watsa wa tituna duk hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan cin ƙarfe yake yi kamar yadda gara take cin azara. Da na buɗe ƙofar direba na leƙa, ciyawa na gani ta inda ya kamata a ce ƙafa take taka, ɓeraye kuma sun yi sheƙa a cikin kujerar baya. Na biya abin da bai kai albashina na wata biyu ba, aka jawo mini ita gida. Uwargidana ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, tambaya ɗaya kawai ta yi mini, wato a ina motar kai yara makaranta za ta riƙa kwana idan ƙanƙara ta fara zuba. A waje ta kwana, shekara da shekaru, kuma baiwar Allah nan ba ta taɓa goranta mini ba.

Aikin da yamma nake yinsa bayan na dawo daga masana'anta, sai kuma ranakun Asabar da Lahadi. Abu na farko da na yi shi ne tabbatar da cewa motar ta gaske ce, domin ana yawan ɗaukar 'yar'uwarta LeMans, wadda jikinsu ɗaya, a manna mata tambari a sayar a matsayin GTO. Lambar jikin GTO ta wannan shekara da 242 take farawa, tawa kuma haka ta fara. Na aika lambar ga Pontiac Historic Services, masu riƙe da kwafin tsofaffin takardun kamfanin, suka aiko mini da bayanin yadda ta fito daga masana'anta, da launinta da irin injinta da giyarta da dilan da aka fara kai wa ita. Daga nan na ɗaga jikin daga kan ƙashinta, na yanke duk inda tsatsa ta ci, na yi waldar sabon kwano. Sifanun da na saba da su a garejin kawu na milimita ne, waɗannan kuwa na inci ne, sai da na sake koya wa idona gane girman noti tun daga farko. Kafireton kaɗai, ƙirar Quadrajet mai maƙogwaro huɗu, sau uku ina kwance shi ina mayarwa kafin ya daina ɗigar da mai. Biyu daga cikin maƙogwaron ƙanana ne, su ke aiki a tafiyar yau da kullum, manyan biyun sai an taka totur sosai suke buɗewa, kuma a lokacin ne ake jin wani gurnani daga ƙarƙashin bonat wanda duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa.

Duk abin da na yi ina rubutawa a wani babban littafi mai baƙin bango, kuma da Hausa nake rubutawa, domin da ita nake tunani idan ina aiki. A ciki akwai ranar da na ɗaure kowane noti da irin ƙarfin da na ɗaure shi, da inda na samo kowane ƙarfe, da kurakuran da na yi da yadda na gyara su. Walda kuwa maƙwabcina ne ya koya mini, wani dattijo Ba'amurke da ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci, wanda katanga ɗaya ce tsakanin garejinsa da nawa. Zan dawo kansa, domin shi ne sanadin wannan wasiƙa.

A 2007 na tayar da ita na fita titi. Daga wannan shekara ban taɓa fashin taron da ake yi a titin Woodward ba, sai shekarar annoba. Wannan titi ya taso daga tsakiyar Ditroit har garin Pontiac, a kansa aka fara shimfiɗa mil guda na kankare a 1909, a kansa kuma samarin shekarun 1960 suke gwada ƙarfin motocinsu da dare. Tun 1995 ake haɗuwa a kansa ranar Asabar ta uku a watan Agusta, dubun dubatar tsofaffin motoci suna tafiya a hankali, jama'a sun jera kujeru a gefen hanya tun da asuba. Na sha ɗaukar 'ya'yana, daga baya jikokina, ina sanye da hulata, mutanen da ban sani ba suna tsayar da ni a bakin danja suna ba ni labarin irinta da mahaifinsu ya taɓa mallaka. A shekarun da Sallah ta faɗo lokacin zafi, a cikinta muke zuwa Idi.

Na san abin da wasu 'yan'uwa a gida suka riƙa faɗa, cewa almubazzaranci ne, da ma kuɗin na tura an sayi fili. Ban ji haushinsu ba, kuma ba zan ɓoye cewa idan aka haɗa kuɗin kaya da na fenti da na inshora, aka ƙi lissafa ko awa ɗaya ta aikin hannuna, abin da na karɓa a ƙarshe da ƙyar ya rufe abin da na kashe. Sai dai ban tauye haƙƙin kowa ba don ita, na yi gini a gida, na kai iyayena Makka, yarana sun yi karatu. Wanda bai zauna a ƙasar da rana take faɗuwa ƙarfe biyar na yamma a hunturu ba, babu majalisa, babu mai leƙowa ya ce ina wuni, ba zai gane amfanin abin da ke hana mutum zama shiru da tunani ba. Garejin nan ya tsare ni daga abubuwa da dama da na ga sun halaka wasu da muka zo tare.

Jiki ne ya fara ba ni labari. Giyar motar ta hannu ce mai huɗu, kulocinta kuma yana da nauyin da motocin yanzu ba su da shi, ga gwiwata ta hagu amosanin gaɓɓai ya kama ta. A taron Woodward na ƙarshe da na je da ita, inda ake tafiya ana tsayawa awa da awanni, sai da na ratse gefe na kashe inji na zauna, domin ƙafar ta ƙi takawa. Idona ma ya fara tara haske da dare. Motar ba ta da jakar iska, ɗamarar kujerarta a ƙugu kawai take tsayawa, birkinta kuma na zamaninta ne, yana buƙatar direban da ke hango abu tun daga nesa. Wata rana a cikin kaka na shiga ƙarƙashinta don in juye baƙin mai, aikin da na yi ba adadi, da na gama sai na kasa tashi daga ƙasa. Na fi minti ashirin a kwance a kan siminti mai sanyi, ina kallon salansar da na yi wa walda da hannuna, har uwargida ta ji shirun ya yi yawa ta leƙo. Ita ta kamo ni ta ɗaga, mace mai shekara sittin da wani abu, kuma na ga tsoro a fuskarta wanda ban so in sake gani ba.

Duk da haka da na ci gaba da jan lokaci, ba don abin da ya faru da maƙwabcina ba. Shi ma yana da tasa, Chevelle ta 1970, wadda ya kwance gaba ɗaya da niyyar sake gina ta, yana cewa baɗi zai gama, baɗi zai gama, har ajali ya riske shi farat ɗaya. Bayan an yi makonni matarsa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta roƙe ni in zo in duba garejin in gaya mata me ke ciki. Ranka ya daɗe, abin da na gani ya tsaya mini a rai. Jikin motar yana kan jak, injin yana kwance a kusurwa an lulluɓe shi da tsohon bargo, a kan kantar garejin kuma gwangwanayen gahawa ne sun fi arba'in, kowanne cike da noti da washa da ƙananan ƙarafa, babu wanda aka rubuta wa suna, domin shi ya san kowanne a kansa. Akwai kwalaye da ba a ko buɗe ba, kayan da ya saya da tsada ya ajiye. Tsohuwar nan tana tsaye a bakin ƙofa da takarda da biro, tana tambayata wannan mene ne, nawa zai yi, ni kuma da na shekara ashirin ina shiga garejin, rabin abin ban iya ba ta amsa ba.

'Ya'yansu biyu suka zo daga jihohi masu nisa, ɗaya yana cewa ya gani a talabijin an sayar da irinta da kuɗi masu yawa, ɗayan yana cewa a kwashe tarkacen a sayar da gidan. Suka yi cacar baki a gaban mahaifiyarsu a kan motar da babu wanda ya san yadda ake haɗa ta a cikinsu. A ƙarshe wani dillali ya zo da babbar mota ya kwashe komai a kan kuɗin da na san ko injin kaɗai ya fi su. Ban ce ya yi zalunci ba, abin da aka sallama masa ya saya, amma aikin shekara ashirin na mutumin kirki ya tafi a wuni ɗaya, matarsa kuma ta rage da ɓacin ran 'ya'yanta. A daren na ɗauko littafina mai baƙin bango na buɗe, sai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: 'ya'yana suna jin Hausa, suna yinta da mu a gida, amma rubutun hannuna da kalmomin garejin Panteka ba za su iya warware su ba. Da ni ne na tafi, littafina da gwangwanayen maƙwabcina duk ɗaya ne a wurin iyalina.

Na fara da 'ya'yana, kamar yadda ya kamata. Na kira babban, wanda ke aiki a Shikago, na ce masa ga abin da nake tunani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ka san ina son motar nan, amma a bene nake zaune, wurin ajiye mota ɗaya ma biya nake yi duk wata. Idan na karɓa, a rumbun haya za ta ƙare, kuma duk ranar da ka tambaye ni ita zan ji kunya." Na gode masa da ya faɗa mini gaskiya. Ƙanwarsa ce ma ta iya tuƙa ta, ita na koya wa canjin giya a filin ajiye motoci tana 'yar shekara 17, amma tana da ƙananan yara uku, ga aikin asibiti. Na kuma je wurin limaminmu na shimfiɗa masa maganar, ya tuna mini cewa an umarce mu da yin adalci tsakanin 'ya'ya a wajen kyauta, cewa wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, cewa kuma abin da ba ya rabuwa, idan ya faɗa cikin gado, sai an yi masa kuɗi ko an sayar, kuma a nan ne zumunci yake yawan tsagewa. Ya ce kuɗi suna rabuwa har kwabo, mota kuwa ba ta rabuwa. Ban fito daga wurinsa da wata shakka ba.

Wani ƙanena ya ba da shawarar in sa ta a jirgin ruwa in aiko gida, a ajiye ta a matsayin abin tarihi. Na yi tunanin hakan kwana biyu na bar shi. Akwai ƙa'idar kwastam a kan shekarun motar da ake shigowa da ita, ga shan mai irin nata a farashin fetur na yanzu, ga shi ko ƙaramin abu ya lalace sai an yi odarsa daga nan. Na san ƙarshenta a ƙarƙashin rumfa ne, ƙura ta rufe ta, tayoyi su sace, yara su riƙa wasa a kan bonat.

Sai maganar yadda za a sayar. Akwai manyan gwanjo da ake yi duk watan Janairu, na Barrett-Jackson a Scottsdale ta jihar Arizona da na Mecum a Kissimmee ta Fulorida, inda motoci suke wucewa ɗaya bayan ɗaya a gaban masu taya, kowace 'yan mintoci kaɗan. Can ne ake samun farashin da ake gani a talabijin, amma mai mota shi zai biya kuɗin kai ta, a cire la'ada, kuma idan ya yarda a sayar ba tare da ya gindaya mafi ƙarancin farashi ba, duk abin da aka taya a ƙarshe shi ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne ba zan san hannun da za ta faɗa ba. Akwai kuma abin da nake gani da idona a tarurrukanmu shekara bayan shekara, wato masu waɗannan motoci kusan duk tsarana ne, mutanen da suka yi samartaka a lokacin da aka ƙera su, matasa kuwa hankalinsu ya fi karkata ga motocin Japan na shekarun 1990, da yawansu ma ba su iya giyar hannu ba. Wanda yake jiran kasuwa ta ƙara tashi ya tuna cewa masu sayen suna tsufa tare da shi.

Kafin in sa talla, ni da 'yata muka yi wata biyu muna zama duk daren Lahadi, ina karanta littafin ina fassarawa, tana bugawa a kwamfuta da Turanci, shafi bayan shafi. A nan ta fara jin labaran da ban taɓa ba ta ba, har da na kakanta kawuna. Muka haɗa da rasitai da hotunan aikin tun daga ranar farko da takardun asalin motar, muka zuba a fayil guda. Sauran kayan gyara da ke kan kantar garejina duk na rubuta wa kowanne suna.

Mutum uku suka zo da gaske. Na farko dillali ne, shi ya fi kowa tayi, bai ko buɗe fayil ɗin ba. Na biyu ya gaya mini ƙarara cewa zai cire injin ya sa na zamani, ya canja tayoyi da kujeru. Haƙƙinsa ne idan ya biya, amma na ce masa albarka. Na uku bakanike ne mai gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta daga jihar Ohayo, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya zo da ɗansa matashi. Bai tsaya yaba fenti ba, kwali ya roƙa ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashin motar da tocila, ya daɗe yana bin ƙashinta inci bayan inci. Da ya fito sai ya ce ya ga wata walda a bayan tayar hagu ta baya da ba ta yi kama da sauran ba. Ita ce waldar farko da na taɓa yi a rayuwata, ranar da maƙwabcina ya fara ɗora mini abin rufe fuska, tana da ƙarfi amma ba ta da kyan gani, kuma cikin shekara 18 babu wanda ya taɓa lura da ita. A nan zuciyata ta kwanta da shi.

Na zaunar da shi na faɗa masa duk aibinta, domin an koya mana cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu. Na gaya masa tana ɗan ɗigar da mai ta bayan inji, giya ta biyu tana gurzawa idan ba ta ɗumama ba, rediyon ba ya aiki, lagireton kuma ba na asali ba ne. Na gaya masa ya riƙa neman baƙin mai mai sinadarin zinki domin irin wannan tsohon inji, kada kuma ya bar fetur mai haɗin etanol ya kwana mata a tanki duk hunturu, saboda yana cin roba yana jawo ruwa. Tayinsa bai kai na dillalin ba, na sallama masa.

Ranar da ya zo ɗauka, bayan sallar asuba na tayar da ita na zagaya unguwa ni kaɗai, gwiwar tana ciwo amma ta yarda. Da kaina na hau da ita kan tirelar, na kashe inji, na zare makulli na miƙa masa, tare da fayil ɗin da kwalayen kaya. Littafin mai baƙin bango ne kaɗai na riƙe, 'yata ta ce ita za ta ajiye. Uwargida tana tsaye a bayana har tirelar ta sha kwana, ba ta ce komai ba, hannunta kawai na ji a kafaɗata. Ba zan ce ban zubar da hawaye ba, kuma har yau idan na buɗe garejin na ga tabon mai a kan siminti inda take tsayawa, sai na ɗan tsaya. Kuɗin na raba su yadda na ga ya dace ina raye, kowa ya san abin da ya samu da dalili, na cire wa uwargida nata kason kafin kowa, kuma bana motarta a cikin gareji za ta yi hunturu.

Makon jiya bakaniken ya bugo mini waya da sassafe, ya ce motar ta yi kwana goma ba a tayar ba, ga sanyi ya fara, ta ƙi tashi. Na ce masa man da ke cikin kafireto ne ya bushe, kada ya taɓa komai. Ya murza makulli na ɗan lokaci ya saki don mai ya hau, ya taka totur har ƙasa sau biyu ya ɗage ƙafa, sannan ya sake murzawa. Na riƙe wayar a kunne ina jira, sai na ji ta kama, da muryar yaron yana kiran babansa. Ya ce maganar tana shafi na nawa a fayil, na ce masa ba ta ciki, na manta ban rubuta ba, ya ɗauki biro ya ƙara da hannunsa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga jihar Mishigan, Amurka